Tambaya da Amsa: Labarin Kaka, Ɗa da Jika a Tsarin Asali na Indiya

Tambaya: Ina rubuta ƙagaggen labari a kan wani iyalin 'yan Dalit na Indiya, wato waɗanda tsarin asali ya ajiye a ƙasan kowa har ake ƙyamar taɓa su, daga kaka har jika. Na kai babi na biyar, amma masu duba min sun ce wahalar kakan da ta jikar duk iri ɗaya ce. Ina gyaran yake? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, da alama kin rubuta talauci ne, alhali matsalar ta gado ce. Talaka kan yi arziki ya huta, ɗan Dalit kuwa ko likita ya zama, sunan gidansu na biye da shi.

Fara da tsayar da jiha ɗaya da jati ɗaya. Rukunonin asali huɗun da aka saba ji, Brahmin, Kshatriya, Vaishya da Shudra, ba su isa gina labari ba. A ƙauye jati ke aiki, wato ƙananan rukunonin gado da suka kai dubbai, kowanne da sana'arsa da inda yake aure. Mu ɗauki Mahar na jihar Maharashtra, mutanen Ambedkar, babban jagoran 'yan Dalit.

Sai ki ɗaure kowane zamani da shekararsa. Ajiye kakan a 1927, shekarar da Ambedkar ya jagoranci jama'a suka sha ruwan tafkin Chavdar a garin Mahad, wanda ake hana 'yan Dalit sha. Zaluncin lokacin a fili yake: gida a bayan gari, ba a taɓa rijiya, sai dai a tsiyayo wa mutum ruwa daga nesa, kuma ɗan Mahar ke janye mushen saniya.

Ɗan kakan ne ya fi daɗin rubutawa. A 1950 sashe na 17 na tsarin mulki ya haramta wannan ƙyama, aka kuma ware musu guraben aiki da na karatu. A 1956 Ambedkar ya koma addinin Buddha a Nagpur, Mahar da yawa suka bi shi. To amma wanda ya sauya addini ya rasa gurbinsa a gwamnatin tarayya, ba a gyara wannan ba sai 1990. Ga rigimar gida nan a shirye: aiki ko mutunci? Ga kuma tsohuwa da ta ƙi rabuwa da abin bautarta.

Jikar tana birni, ba mai hana ta ruwa. Zaluncin da ake mata a lulluɓe yake: mai gidan haya ya ji sunan gidansu ya ce an riga an kama ɗakin, iyayen saurayi su yi bincike su janye. Akwai dokar 1989 mai hukunta cin zarafinsu, sai dai irin wannan wuyar kafa hujja gare shi.

Abu biyu ke yawan ɓata irin wannan littafi. Ɗaya, dogon jawabi a bakin jarumi. Mai karatu kan tsallake shi. Biyu, yawan dangi. Zana bishiyar zuri'ar da shekarun haihuwa kafin ki ci gaba, kada manyan 'yan wasa su wuce uku a kowane zamani. Kuma ki bar iyalin da nasu laifin, domin su ma akwai jatin da suke gani a ƙasa da su.