Hajiya, ki ɗan dakata da kwafi 3000 ɗin nan tukuna

Wata baiwar Allah mai sayar da kayan karatu da kayan wasan yara ce ta turo min tambaya. Ta ce ta rubuta ɗan labari na yara 'yan shekara 3 zuwa 6 akan faɗin gaskiya da taimakon juna, tana so a zana masa hotuna a buga shi littafi. Mai ɗab'i ya ce mata in ta buga kwafi 3000 a tashi ɗaya kuɗin kowane kwafi zai sauko sosai, amma fa hakan zai kwashe kusan duk jarinta. Ta shiga ko ta haƙura?

Hajiya, Allah ya sa albarka a wannan niyya, amma shawarata kar ki buga 3000 yanzu. Ba wai mai ɗab'in ƙarya ya miki ba, gaskiyarsa ce. Babban injin ofset da faranti yake aiki, kala huɗu ake haɗawa wato CMYK, kowace kala da nata faranti, kuma kuɗin yin farantin da saita inji sau ɗaya ake biya ko kwafi 200 za a fitar ko 5000, shi ya sa in aka yi yawa sai kuɗin kwafi ɗaya ya faɗi. To amma shi lissafinsa akan abin da ya buga ne, ke kuma naki akan abin da kika sayar ne. A ce kin buga 3000 a shekarar farko kin sayar da 400, to kuɗin 3000 ɗin nan kaf akan 400 za ki raba shi, sauran 2600 suna jibge a kwali danshi da ƙwari na aikinsu, ga kuɗin da kike juyawa a shago ya tsaya cak, lokacin komawa makaranta ya zo ba ki da abin saro kaya.

Sannan akwai abin da ban ji kin ambata ba sam, wato mai zane, alhali a littafin hoto nan ne babban kuɗi yake tafiya kafin ma a je gun firinta. Yawancin irin wannan littafi shafi 32 ne, saboda babbar takarda ake bugawa a ninke ta ta ba da shafi 8 ko 16, to 32 ya fi dacewa da ninkin, in kika ce 34 kike so sai kin biya takardar da ba ki buƙata. Cikin 32 ɗin a cire shafin suna da na haƙƙin mallaka, abin da ya rage wa labari kamar buɗi 12 zuwa 14 ne na shafi bibbiyu, kuma kowanne sai an zana shi, ga bango. Aikin watanni ne ba na sati ba. Kafin ki ba kowa aikin ki sa ya zana miki yaron labarin sau uku, yana dariya, yana kuka, yana gudu ta gefe, in fuskar ta canza ta koma wani yaro daban to ki nemi wani, don yara suna lura da wannan fiye da manya wallahi.

Kuma ku yi yarjejeniya a rubuce ko da ƙaninki ne. Wa ya mallaki hotunan bayan kin biya? Za ki iya sake bugu na biyu da na uku ba tare da ƙarin kuɗi ba? In kika so ki sa hoton a jikin jaka ko littafin fenti ko ki fassara zuwa wani harshe fa? Manyan kamfanonin buga littafi abin da aka saba shi ne kusan kashi 10 cikin 100 na farashin bango su raba wa marubuci da mai zane, biyar biyar. Ke da kike bugawa da kanki ya fi miki sauƙi ki biya shi kuɗin aikinsa gaba ɗaya, amma kashi kashi: wani in ya kawo zanen fensir, wani in ya sa kala, na ƙarshe sai ya miƙa miki fayil ɗin asali, mai kaifin hoto 300 dpi (ma'aunin ingancin hoto a bugu), a CMYK ba RGB na fuskar waya ba, da rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. In kuma tunaninki ki sa AI, wato manhajar kwamfuta mai ƙirƙiro hoto da kanta, ya yi miki hotunan don ki huta da wannan kuɗi, ki sani ofishin haƙƙin mallaka na Amurka tun 2023 ya ce hoton da inji ya yi shi kaɗai ba a yi masa rajistar mallaka, ma'ana kare kayanki daga masu kwafa zai yi wuya, kuma Amazon KDP, wato dandalin Amazon na masu buga littafi da kansu, na buƙatar ki faɗa musu in AI ne ya yi.

Yanzu labarin kansa. Wannan kaya ne mai kwastoma biyu, uwa ko malama ce ke fitar da kuɗi amma yaro ne ke cewa a sake karanta min, kuma wannan "a sake" ɗin shi ne tallarki, shi ke sa uwa ta gaya wa ƙawarta. Inda masu littafin tarbiyya suka fi faɗuwa shi ne wa'azi, kowane shafi ana cewa yaro nagari ba ya kaza, yaro nagari yana kaza. Uwa za ta saya sau ɗaya don ta ga darasi, yaro ya ture shi. Ki bar yaron cikin labarin ya fasa abu, ya ɓoye, cikinsa ya ɗuri ruwa, ya zo ya faɗa da kansa, darasin ya riga ya shiga ba sai kin rubuta shi da manyan baƙi a ƙarshe ba. Rubutu kuma ki rage shi, irin waɗannan littattafai ba kasafai suke kai kalma 1000 ba, da yawa ma ba su wuce 500, abin da hoto ya nuna kar rubutu ya maimaita. Ki ninke farar takarda ki yi samfuri na hannu ki ba wata malama ta karanta wa yaran da ba su san ki ba, ke ki zauna gefe ki ga a wane shafi suka fara waige waige. Ba ko sisi za ki kashe a nan ba.

Batun farashi, mu ɗauka kuɗin bango 100 ne, ko da wane irin kuɗi kike lissafi. Shagunan littafi da dillalai sukan ɗauki tsakanin 40 zuwa 55, kuma da yawansu ajiye musu za ki yi sai an sayar su biya, wanda bai fita ba su dawo miki da shi ya yi datti. Saura kamar 50 a hannunki, a ciki za ki cire ɗab'i, ki cire rabon kuɗin mai zane, dako, kwafin kyauta na talla, da waɗanda suka lalace. Don haka in ɗab'in kwafi ɗaya ya wuce 20 zuwa 25 to ta hanyar dillali ba riba. Ke kina da abin da yawancin marubuta ba su da shi, shagonki da iyayen da suka riga suka saba da ke, wancan 50 ɗin na dillali naki ne. Makarantu suna ɗauka da yawa amma suna jan biya, ki nemi rabi a gaba.

Ga abin da zan so ki yi da ɗan kaso na jarin, kar ya wuce abin da in ya tafi shago ba zai girgiza ba. Akwai littattafan yara masu kyau da aka saki da lasisin CC BY 4.0, kamar na shafin intanet na StoryWeaver wanda Pratham Books na Indiya suka buɗe a 2015, da na Book Dash na Afirka ta Kudu da suka fara a 2014. Wannan lasisi ya halatta miki ki buga, ki fassara, har ki sayar, sharaɗin kawai ki rubuta sunan marubuci da mai zane da asalin inda ya fito yadda suka tsara. African Storybook ma akwai, sai dai ki duba lasisin kowane littafi, duk wanda kika ga NC a jiki ba na sayarwa ba ne. Ki zaɓi uku ko huɗu ki buga kamar 50 50 da injin dijital wanda ba ya buƙatar faranti, eh kwafi ɗaya zai yi tsada kuma ribar ba za ta taka kara ta karya ba, amma za ki san wane girma iyaye suke ɗauka, wane farashi ne suke ajiye littafin su juya, na dabbobi ya fi fita ko na ƙirga. Naki ma in ya kammala haka za ki fara da shi, 100 ko 200. Beatrix Potter ta Ingila da kamfanoni suka ƙi karɓar labarinta na zomo, kwafi 250 ta fara bugawa da kuɗinta a 1901, sai a 1902 kamfanin Frederick Warne ya ɗauka.

In kina son masu saye ta intanet, KDP suna buga kwafi ne sai an yi oda, ba ajiya ba asara, amma kuɗin buga kala yana cin riba sosai, mai bango mai tauri sai littafi ya kai shafi 75, kuma ba sa yin littafin kwali mai kauri irin na 'yan ƙasa da shekara 3 masu kai komai baki. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi mai lamba 13, ki nema in za ki shiga shaguna da laburare, kuma mai bango mai laushi da mai tauri kowanne da tasa.

Sai yaushe za ki koma gun mai ofset? In ƙaramin bugu ya ƙare sau biyu ba tare da kin bi mutane da roƙo ba, ko kuma kina riƙe da odar makarantu da aka biya wadda ta rufe kuɗin ɗab'in. Ko a lokacin ki tambaye shi farashin 1000 kafin 3000, ki ce ya fitar miki da kwafin gwaji guda ɗaya akan ainihin takardar da zai yi aiki da ita kafin ki sa hannu, ki duba kalar fatar yaran ko ta yi duhu ko ta yi ja, ki buɗe tsakiyar littafin ki tabbata ɗinki bai cinye fuska ko rubutu ba.