Anti, aikatau ya cinye ni a Jidda, yaushe zan huta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina aikatau a wani gida a Jidda, tun asuba nake tsaye har wajen ɗayan dare don mutanen gidan ba sa kwanciya da wuri, in na shiga ɗaki kuma sai waya, 'yan gida kowa da tasa buƙatar. Baya ciwo, kai ciwo, ko mai ban samun sukunin shafawa. Dan Allah ya zan yi?
Ƙanwarki daga Jidda

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah Ya sa albarka a neman. Gaskiya wannan ya yi yawa, kuma barcin ne ya fi damuna, don babba yana buƙatar aƙalla awa 7, ke kuwa da ƙyar kike haɗa 4, to ina kai ba zai yi ciwo ba.

Ki sani hutun nan haƙƙinki ne. Dokar masu aikin gida ta Saudiyya da ta fara aiki a 2024 ta ce aiki kar ya wuce awa 10 a rana, kar a yi awa 5 a jere ba a huta ko rabin awa ba, sannan akwai hutun yini guda duk mako kuma ba a taɓa albashi. In kina da igama da kwantiragi ta Musaned, wato shafin gwamnatin Saudiyya na ɗaukar masu aikin gida, ki samu uwar gidan lokacin da ranta ke sanyi, ba gaban baƙi ba, ki ce Mama ina so mu tsayar da ranar hutuna da lokacin tashi daga aiki. In ma takardunki ba su cika ba ki roƙi ƙailula, tsakanin azahar da la'asar yawancin gidajen can shiru suke, ki rufe ƙofa ki miƙe ko na minti 30 ne, kar ki ce bari in ƙarasa guga.

Sai wayar nan. Na san kewar gida, amma Saudiyya ta riga Najeriya da awa 2, ɗayan darenki su sha ɗaya ce a wajensu, hira ma suka fara, ke kuma asuba na jiranki. Ki ware masu ranar Juma'a ki faɗa masu haka, duk wanda zai ji haushi ya ji, ai kuɗin da kike turowa da lafiyarki kike nemo su. Kuma in albashi ya shigo ki fara cire ko riyal 50 naki na kanki, man shafawa, lalle, takalmi mai taushi saboda tsayuwar nan.

Kar ki ji kamar son jiki ne. Salmanul Farisi ya ce wa Abu Darda ranka yana da haƙƙi a kanka, Annabi (SAW) ya gaskata shi, yana cikin Bukhari. Ranar hutunki ki fita ki taka ƙafa a bakin teku bayan la'asar ko ki je wajen 'yan'uwa a ci tuwo a yi Hausa. In ciwon bayan ya wuce mako biyu ko ya fara sauka ƙafa, ki je asibiti, ki daina danne shi da Panadol.