Yadda Indiyawa suka samu kansu a Trinidad

Malam, ka tambaya me ya kai Indiyawa har Trinidad, tsibirin nan na yankin Caribbean, ko su ma bayi aka kwaso su. A takarda dai ba bayi ba ne, amma wallahi abin da suka gani ya yi kusa da bauta.

Da Ingila ta 'yanta bayi gaba daya a 1838, bakaken fata da yawa suka watse daga gonakin rake, masu gonaki suka rasa ma'aikata, shi ne aka juya Indiya. Jirgin ruwa na farko, Fatel Razack, ya taso daga Kalkata ta Indiya ya iso Port of Spain, babban birnin Trinidad, ranar 30 ga Mayu 1845 da mutum dari biyu da 'yan kai. Kwantiragin shekara biyar ne, mutum ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba, yawancinsu talakawan Bihar ne da yankin da ake kira Uttar Pradesh yanzu. Daga baya ma sai an tsare su a dan tsibirin Nelson likita ya duba su kafin a raba su gonaki, kuma in ka fita daga gona ba takardar izini, kamu ne sai kurkuku.

Abin da ya fi taba ni shi ne abin da ya faru a 1884 a garin San Fernando na Trinidad, ranar jerin gwanon Hosay na watan Muharram, wato na tunawa da shahadar Imam Husaini, aka bude wa Indiyawan wuta aka kashe mutane. Sai 1917 aka daina kawo su, lokacin sun haura dubu 140, kuma akasarinsu ba su koma gida ba.