Kilomita nawa ne daga filin jirgin Damagaram zuwa Jidda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata na shirin sauke farali, sai na duba nisan filin jirginmu da na Jidda a waya. Wani wuri ya ce 3,300, wani 2,050, wani kuma 1,785. Wanne ne daidai, kuma awa nawa za ta yi a sama? Daga wani mai karatu a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa Hajiya ta je lafiya ta dawo lafiya. Duka ukun daidai ne, ma'aunin ne ya bambanta. 3,300 kilomita ne, 2,050 mil ne irin na Ingila da Amurka, 1,785 kuwa mil ɗin teku ne, wanda matuƙa jirgi ke aiki da shi, kowane ɗaya mita 1,852.

Kana iya gwada lissafin da kanka. Filin Damagaram, mai lamba ZND, yana wajen digiri 13.8 arewa da digiri 9 gabas. Na Jidda, JED, yana 21.7 arewa da 39.2 gabas. Tazarar kudu da arewa ta kama digiri 7.9, kowane digiri kilomita 111, wato kusan 880. Ta gabas digiri 30.2 ce, kuma nan ne mutane ke tuntuɓe. Ka dubi layukan jikin kabewa: a tsakiya suna da faɗi, wajen hanci sai su matse. Haka layukan duniya suke, shi ya sa a tsakiyar wannan hanya digirin gabas kusan kilomita 106 ne. Ka ninka, ka samu 3,200. Kada ka tara 880 da 3,200, domin jirgi ba ya yin gabas sannan ya karya arewa, yanke yake yi. Ka ninka kowane adadi da kansa, ka haɗa, ka ciro tushensa, wato adadin da in ka ninka shi da kansa zai ba ka wannan jimillar, za ka faɗo kusa da 3,300.

Amma wannan tazarar zare ce, kamar ka ɗaura shi a kan ƙwallo. Jirgi hanyoyin da aka shata yake bi. Miƙaƙƙiyar hanyar ta ratsa Cadi da Sudan, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage da yawa suke kauce wa samaniyarta, abin da ke ƙara tafiya da mai.

Sai batun inda za a tashi. In ta Yamai aka bi, an fara yin yamma kusan kilomita 740 a sama, a mota kuwa wajen 900, sannan daga can zuwa Jidda kusan 4,000. Jirgin zai dawo ya wuce ta arewacin Damagaram, Hajiya na ciki.

Jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa zai ci 3,300 cikin awa huɗu, ka ƙara rabin awa na tashi da sauka. Daga Yamai ka sa awa biyar da ɗoriya, in babu zagaye. Lokacin saukar da ke jikin tikiti agogon Saudiyya ne, wanda ke gaba da namu da awa biyu, don haka ka cire su kafin ka zauna jiran kiranta.