Amsar tambayar ƙanina kan kalmar acclivity

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ƙanina, na saurari saƙonka, ka ce ka ci karo da acclivity a karatunka, ka rasa inda ta dosa. To, ga ta a sauƙaƙe: hawa ce. Wurin da ƙasa ta tashi sama, kana daga gindin tudu kana kallon abin da za ka haura.

Asalinta Latin ne, harshen Romawan da. Suna da clivus, wato jikin tudu, wurin da ƙasa ta karkata. Sai suka liƙa masa ad a gaba, ma'ana zuwa ga. Amma ad da clivus sun yi wa baki nauyi, sai harafin d ya rikiɗe ya bi na gabansa, aka samu acclivis. Shi ya sa ka ga c biyu. Mu ma muna haka ai, "har da" a baki sai ka ji "had da". Daga nan ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 17.

Kuma clivus ɗin nan ba kalmar littafi ba ce a wurinsu. A birnin Roma akwai titin da ake kira Clivus Capitolinus, ya taso daga dandalin tsakiyar gari ya haura dutsen Kapitol, ta nan sarkin yaƙin da ya ci nasara yake bi da ayarinsa har haikalin Jupita, babban abin bautarsu.

Abin da ya fi burge ni, wallahi, shi ne tudun ɗaya ne. Kana ƙasa kana ɗaga kai, acclivity ce. Ka kai ƙololuwa ka juyo, ta zama declivity, gangara ke nan, don de na nufin saukowa. Akwai ta uku, proclivity, ita kuma ta bar ƙasa ta koma kan hali, inda zuciyar mutum take karkata. Likitoci ma suna kiran wani gangaren ƙashi a gindin ƙoƙon kai clivus.

Sai dai ka kula, ƙanina. Kalma ce ta rubutu, tsofaffin littattafai da bayanin yanayin ƙasa. Bature na hira uphill zai ce, ko slope. In za ka furta ta, ka danna gaɓa ta biyu, kli ɗin. Turo min jimlar da ka gan ta a ciki mu duba tare.