Za mu buɗe gidan mai a Maraɗi, kawunmu ya ce a sa sunansa

Tambaya: Mahaifinmu ne ya kafa sana'ar. Muna da gidajen mai 4 tsakanin Katsina da Jibiya, da tankokin dakon mai 6. Yanzu shekaru sun ja masa, ni babban ɗa nake riƙe da komai, ƙannena suna taya ni. Kawunmu da ke Maraɗi ya samo mana fili a bakin titi, ya ce mu buɗe gidan mai a can, a yi takardu da sunansa don ya fi sauƙi. Mu shiga?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ba zan hana ku tsallaka iyaka ba, amma a yadda aka kawo muku maganar nan, shawarata kada ku shiga tukuna.

Ka zauna ka duba inda ribarku take fitowa a Katsina. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ɗan kasuwa a Najeriya yana zaɓar depo ɗin da zai yi lodi, ya ɗauko da tankarsa, ya sa farashin da kasuwa za ta ɗauka. Mai tankoki 6 ya fi mai haya numfashi, domin kuɗin dako ma aljihunsa yake komawa. To, wannan fifikon a Magama, bakin iyaka, zai tsaya, ba zai bi ku ba. A Nijar kamfanin gwamnati, SONIDEP, shi ke shigo da mai, shi ke adanawa, shi ke sayar wa dillalai. Gwamnati ce ke yanke farashin lita, kuma ɗan abin da mai gidan mai zai samu yana ƙunshe cikin wannan farashi. A Yulin 2024 an sauko da fetur daga sefa 540 zuwa 499, ba a nemi izinin mai famfo ba. Iya cinikinka ba zai ƙara maka ko dala a kan lita ba. Abin da ya rage maka shi ne yawan litar da ka sayar da kuma rashin yoyo a tanki da aljihu.

Samuwar man ma ba a hannunka take ba. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 take iya tacewa a rana. Shekara da shekaru man 'yan bumburutu daga Najeriya ne ke cike giɓin a Maraɗi da kewayenta. Da tallafi ya tafi, jarkoki suka ragu, kowa ya koma famfo, har aka kai ga dogayen layuka a farkon 2025. Wanda ya ga layin zai ce kasuwa ta buɗe. Kallon kitse ne ake yi wa rogo: layi ba ya amfanar mai gidan man da tankinsa ya bushe, albashin yara kuwa ba ya jira.

Sai iyakar kanta. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris ɗin 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Duk lissafin da aka gina a kan cewa mota za ta riƙa kai da komowa kowane mako, lissafin dokin rano ne. Ta fuskar kuɗi akwai ɗan alheri: sefa a ɗaure take da yuro, yuro 1 sefa 655.957, yayin da naira ta faɗo daga wajen 460 a kan dalar Amurka zuwa sama da 1,500 cikin ƙasa da shekara guda. Samun kuɗin shiga da sefa garkuwa ce. Amma banki ba zai fitar maka da riba zuwa Najeriya ba sai ka nuna takardar cewa jarin naka ne, kuma ta hanyar da ya shiga.

Nan muka zo kan maganar Kawu, kuma ita ce ta fi damuna. Ban ce ba mai amana ba ne. Amma amana ba a gadonta a kotu, takarda ake gado. Ranar da Allah ya yi masa rasuwa, filin da famfunan da tankin da kuka binne duk sun shiga cikin dukiyar da za a raba wa matansa da 'ya'yansa, kuma ba su yi laifi ba idan suka ce na ubansu ne. Haka nan ta ɓangarenku. Jarin da za ka ɗiba na Baba ne. Ran da ta Allah ta kasance, ƙannenka mata da ke gidajen aurensu da matan Baba duk suna da haƙƙi a ciki, za su kuma tambayi ina kuɗin Maraɗi. Idan amsarka ita ce "suna wajen Kawu", ka shirya zaman da ba ya ƙarewa. Ba kasuwa ce ta fi rusa gidajen mai na gado ba, irin wannan zaman ne.

Saboda haka a fara gyara gida tun Baba yana iya magana. A kira lauya da malamin da ya san rabon gado, a rubuta me ke na Baba, me ya ba wa wa kyauta, wa ke da hannun jari nawa a kamfanin da aka yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya. Kai da ƙannenka kowa a yanka masa albashi, a daina ɗibar kuɗin cefane daga cinikin famfo. Sannan na Maraɗi ya zama kamfani daban, irin wanda ake kira SARL, wato kamfanin da alhakin masu shi bai wuce jarinsu ba, a dokar kasuwanci ta OHADA da Nijar ke bi tare da Chadi da Kamaru da Benin. Kamfaninku na gida ya riƙe kasonsa da sunansa, Kawu ya riƙe nasa gwargwadon darajar filin. Takardun da Faransanci za su zo, don haka lauyan ya zama naku, kada ya zama wanda Kawu ya kawo. Zai iya jin haushi, ka lallashe shi da cewa kariya ce ga 'ya'yansa ma.

Kamfanonin iyali da suka yi nisa a harkar mai ba da sana'arsu duka suke fita ba, da abu ɗaya da suka fi kowa iyawa suke fita. Perenco na iyalan Perrodo daga Faransa ya faro ne a Singafo a 1975 da hidimar jiragen ruwa ga masu haƙar mai. Daga baya ya ƙware wajen sayen tsofaffin rijiyoyin da manyan kamfanoni suka gaji da su, da haka ya shiga Gabon da Kamaru, har Chadi. Da mai gidan ya rasu a 2006, ɗansa ya karɓi shugabanci, kamfani bai watse ba. Ku ma ku tambayi kanku me kuka fi iyawa. Daga wasiƙarka, na fi zaton dako ne. To ku bincika sharuɗɗan yi wa dillalai dako a can, ko ku fara da baƙin mai da kayan gyaran mota, inda kai ne ke sa farashinka kuma jarin bai kai na binne tanki ba.

Idan kuma gidan man kuke so dole, kada ku yi gini. Ku karɓi hayar wanda ke aiki, na shekara 1 ko 2, da kuɗin da asararsa ba za ta hana ku yin lodi a gida ba. Wanda za ka tura ya zauna kada a zaɓe shi don ba shi da abin yi a Katsina. A tura wanda zai fito da asuba ya zura sandar awo a tanki da hannunsa, ya karanta mita, ya haɗa da kuɗin da ke cikin durowa, ya turo maka hoton littafin ta WhatsApp kafin azahar. A kuma gaya masa tun daga gida cewa babu bashi ga dangi, domin a Maraɗi kuna da su da yawa, kuma kowa yana da babur.

Kafin ka ba Kawu amsa, ka je da kanka ka zauna da masu gidajen mai 2 ko 3 a garin. Tambaye su nawa ke rage musu a kan lita bayan haraji da albashi, da kuma kwana nawa famfonsu ya yi a rufe a bara. Ka turo min abin da suka ce, mu yi lissafin tare.