Gwajin Manhajata Yana Tsayawa Cak, Ko Kwamfutar Ce Ta Gaji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa wata 'yar manhajar Android da mahaifiyata da ƙawayenta za su riƙa rubuta zubin adashinsu a ciki. Don kada in riƙa gwadawa da hannu kullum, na rubuta shiri da Python a kan Linux wanda yake tayar da emuleta, wato kwaikwayon wayar Android a cikin kwamfuta, ta hanyar subprocess.Popen, na sa masa stdout=PIPE da stderr=PIPE, na ƙara -verbose, sannan gwaje-gwajen su biyo baya. In ni na tayar da emuletar da kaina, lafiya lau. In shirin ne ya tayar, sai a yi nisa komai ya tsaya cak, ba saƙon kuskure, kuma ba wuri ɗaya yake tsayawa ba. Abokaina sun ce RAM ɗina ne ya yi kaɗan, in sayar da kwamfutar in sayi wata. Mene ne shawararka? Daga mai karatu a Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayar da kwamfutarka tukuna. Yadda ka kwatanta abin, na fi zaton bututu ne ya cika, kuma gyaransa layi biyu ne.

Ka san yadda ɗan ga-ruwa yake shigowa gida yana juyewa a randa. Muddin ana ɗiba, zai yi ta kawowa. In randa ta cika ba mai ɗiba, sai ya tsaya da garwa a kafaɗa yana jira, ba zai zubar a ƙasa ba, ba kuma zai koma ba. To haka stdout=PIPE yake: stdout ita ce ƙofar da shiri ke fitar da saƙonninsa, stderr ta saƙonnin kuskure, PIPE kuma bututu ne. Da ka rubuta shi, ka ce wa Linux ta haɗa bututu tsakanin emuleta da shirinka, kuma ka ɗauki alkawarin za ka riƙa karanta abin da ke fitowa. Bututun nan bayit 65,536 kawai yake ɗauka, haka yake tun daga Linux 2.6.11. Da zarar ya cika, duk wanda ya zo rubutu a cikinsa sai Linux ta zaunar da shi har a sami wuri. Kai kuma shirinka yana can yana jiran emuleta ta amsa. Kana jiranta, tana jiranka.

Shi ya sa ba ka ga saƙon kuskure ba, don a wurin Linux ba a yi kuskure ba, jira ake yi. Shi ya sa kuma ba wuri ɗaya yake tsayawa ba, domin yawan surutun da emuleta ta yi ne yake cika bututun, kuma -verbose ɗin da ka sa yana ƙara mata surutu. In da hannu ka tayar, allon umarni ne yake kwashe komai nan take.

Abin ya taɓa cin mini dare guda a wani shago kusa da Ƙofar Ƙaura nan Katsina, cikin hunturu, wuta ta ɗauke, ina lissafin man da ya rage a janareta. Na sauya emuleta, na sake girka komai, ba abin da ya canza. Sai da na sa strace -f -p da lambar aikin emuletar (strace yana nuna abin da shiri ke nema a wurin Linux), na ga layi guda ya maƙale a kan write, wato rubutu, bai ƙarasa ba. Har yanzu ina tuna yadda gabana ya faɗi da na gane kuskuren yana cikin layin da na rubuta tun da la'asar. Kai ma ka duba haka in ta sake tsayawa, ka gani da idonka kafin ka yarda da ni.

Ga abin da nake so ka yi. Buɗe fayil, ka tura surutun can:

fayil = open("emuleta.log", "w")
Popen(umarni, stdout=fayil, stderr=subprocess.STDOUT)

Fayil ba ya cika sai faifan kwamfuta ya cika, kuma ranar da wani gwaji ya faɗi, kana da abin dubawa. Wannan stderr=STDOUT ɗin kada ka raina shi, shi ne yake haɗa saƙonnin kuskure da sauran surutun wuri ɗaya. Masu buɗe bututu biyu sukan karanta na farko su manta da na biyu, sai na biyun ya cika a koma gidan jiya. Akwai subprocess.DEVNULL da ke zubar da komai, yana aiki, amma ban so maka shi ba, don watarana za ka nemi abin da ka zubar.

Za ka ji ana cewa communicate() ne magani, kuma bayanan Python da kansu sun yi gargaɗi a kan haɗa wait() da PIPE, sun ce a yi amfani da communicate() ɗin, don yana kwashe bututun yayin da yake jira. Gaskiya ne ga umarnin da yake gamawa ya fita, irin su adb install (adb shi ne shirin da ake ba wa wayar Android ko emuleta umarni da shi daga kwamfuta). Can ka yi amfani da subprocess.run da capture_output=True, ka sa masa timeout. Amma communicate() jira yake har aikin ya ƙare, emuleta kuwa ba ta ƙarewa sai an kashe ta, don haka gwajinka ba zai ma fara ba. In dole sai ka ga layukan suna fitowa kai tsaye, to ka ware wa karatun zarensa daban da threading, wato wani ɓangaren shiri mai gudana gefe guda, wanda ba shi da wani aiki sai ɗiba. Python 3.10 ta kawo pipesize na faɗaɗa bututu, amma babbar randa ma cika take yi, jinkiri kawai ka saya.

In kana tayar da adb logcat, mai fitar da bayanan abin da ke faruwa cikin Android, ta Popen, shi ma ka tura shi fayil, ya fi emuletar surutu nesa ba kusa ba. Kuma kafin gwaji ya fara, ka jira adb shell getprop sys.boot_completed ya ba ka 1, alamar emuletar ta gama tashi, in an gama gwajin ka rufe da adb emu kill.

Ka gwada ka rubuto mini yadda aka yi. A gaida Hajiya da abokan zubinta.